Faɗan keji: asalin MMA, dokokinta, da abin da ɗan dambe zai tarar a ciki

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya kamar haka: "Ƙanena ɗan dambe ne, shekara biyu ke nan da ya fara ɗaura zare. Yanzu kullum yana kan waya yana kallon faɗan nan da ake yi a cikin keji, yana cewa can zai koma. Ni dai abin da nake gani duka ne kawai babu doka. Mene ne wannan wasa, su wa suka ƙirƙiro shi, kuma ɗan dambe zai kai labari a ciki?"

Ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri da ka yi tambaya kafin ka yanke hukunci. Na daɗe ina koyar da judo da kokawar ƙasa, kuma irin ƙanenka sun sha zuwa wurina da wannan buri. Doka akwai ta, har ma ta fi ta dambenmu yawa. Amma ban ga laifinka ba, domin lokacin da wasan ya fara fitowa a talabijin kusan yadda ka faɗa ɗin yake.

Sunan wasan MMA, gajarce suna ne daga Ingilishi, ma'anarsa gaurayen dabarun faɗa. Mutum biyu masu nauyi ɗaya ake haɗawa, a yarda musu su yi naushi da hauri, su kai gwiwa da gwiwar hannu, su yi kaye, idan an kai ƙasa kuma a ci gaba, da duka ko da murɗe gaɓa ko da shaƙewa, har ɗaya ya miƙa wuya ko alƙalin wasa ya raba, ko lokaci ya cika. Tushen abin kuwa wani tsohon musu ne da ka sani sarai, wanda ake yi a kowace majalisa a garin da ke da gidan dambe da filin kokawa: in aka haɗa ɗan dambe da ɗan kokawa, wa zai ci wani? Mu a baki muke barin musun. Wasu ƙasashe suka ce a gwada a gani.

Mutanen Girka na dā suna da irin wannan wasa, sunansa pankration, wanda aka shigar cikin wasannin Olimfik a shekara ta 648 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ana duka ana kokawa, cizo da tsokane ido ne aka hana. Masu tallar MMA na son jingina kansu da shi, sai dai babu wata igiya da ta haɗa wancan zamani da namu, wasan ya mutu ya bar tarihi kawai. Asalin da za a iya bin sawunsa ƙafa da ƙafa ya taso ne daga Japan, ya yada zango a Barazil, sannan ya fashe a Amurka.

A 1882 Jigoro Kano ya buɗe makarantarsa ta Kodokan a Tokyo. Ya tattara tsoffin dabarun jujutsu, faɗan gargajiyar Japan, ya ware masu kisa gefe, ya bar waɗanda za a iya gwadawa da cikakken ƙarfi a kan abokin atisaye kullum ba tare da an nakasa shi ba. Wannan shi ne judo. A ganina wannan tunani na Kano shi ne ƙashin bayan komai da ya biyo baya, domin dabarar da ba ka taɓa gwadawa a kan mutumin da ke turjewa da gaske ba, ba ka iya ta ba tukuna. Wani ɗan makarantar, Mitsuyo Maeda, ya zaga ƙasashe yana karawa da 'yan boksin da 'yan kokawa don kuɗi, har ya sauka Barazil a 1914 ya zauna a birnin Belém. A can wani matashi mai suna Carlos Gracie ya koyi wasan, ya koyar da ƙannensa, cikinsu har da Hélio. Shi Hélio ba shi da jiki, don haka ya ba da ƙarfi ga faɗan ƙasa, inda ƙaramin mutum zai iya amfani da ƙafafunsa da ƙugunsa ya ɗaure babba. Abin da ake kira jiu-jitsu na Barazil ke nan. Ba gidan Gracie kaɗai suka raya shi ba, akwai irin su Oswaldo Fadda da ya koyar da talakawan bayan garin Rio, akwai kuma abokan hamayyarsu 'yan luta livre masu kokawa ba riga. Amma gidan Gracie ne suka iya talla. Sukan buga ƙalubale su ce duk mai ji da kansa ya zo, a irin karawar da mutanen Barazil ke kira vale tudo, wato komai ya halatta.

Karawar da ta fi shahara a wancan zamani ita ce ta 23 ga Oktoba, 1951, a filin Maracanã, tsakanin Hélio da gwarzon judo na Japan, Masahiko Kimura. Kimura ya yi ta maka shi da ƙasa, daga bisani ya kama hannunsa ya lanƙwasa ta baya yana murɗawa. Hélio ya ƙi miƙa wuya har hannun ya karye, sai mutanensa suka jefa tawul. Har gobe sunan wannan kamu kimura a duk inda ake koyar da wasan, wato waɗanda aka kayar ne suka raɗa wa dabarar sunan wanda ya kayar da su. Ina son wannan labari ƙwarai.

A Japan ma ba a zauna ba. Ranar 26 ga Yuni, 1976, Muhammad Ali ya kara da ɗan kokawar Japan Antonio Inoki a Tokyo. An ɗaure Inoki da sharuɗɗa da yawa, sai ya kwanta rigingine yana ta haurin ƙafafun Ali har turmi 15, aka tashi canjaras. 'Yan kallo sun fusata, naushin da Ali ya kai duka bai cika goma ba, amma ƙafafunsa sun kumbura har jini ya daskare a ciki. Daga zuriyar almajiran irin wannan kokawa ta Japan aka samu ƙungiyoyin shirya gauraya faɗa, Shooto a 1985 da Pancrase a 1993, sannan gasar Pride wadda ta yi tashe daga 1997 zuwa 2007.

Daren da ya juya komai shi ne 12 ga Nuwamba, 1993, a birnin Denver na jihar Colorado. Rorion Gracie, babban ɗan Hélio, da wani ɗan kasuwa Art Davie suka shirya gasar faɗan keji ta farko mai suna UFC. Mutum takwas, kowa da irin wasansa, babu ajin nauyi, babu alƙalan maki, safar hannu ba dole ba, kuma sai ka ci mutum uku a dare guda kafin ka ɗauki dala 50,000. Karawar farko ko rabin minti ba ta yi ba: Gerard Gordeau na ƙasar Holan ya hauri wani ƙaton ɗan sumo (kokawar ƙattai ta Japan), Teila Tuli, a baki har haƙori ya yi tsalle. Gidan Gracie kuwa da gangan suka turo Royce, siriri mai nauyin kilo 80 ko kusa da haka, sanye da farar rigar judo, don duniya ta ga dabara ce ke aiki. Ya fara da ɗan boksin Art Jimmerson, wanda ya shigo da safa a hannu ɗaya. Royce ya kama ƙafafunsa ya kai shi ƙasa ya hau ruwan cikinsa. Jimmerson bai san yadda zai tashi ba, bai san abin da ke tafe ba, sai ya buga ƙasa da hannu ya sallama tun kafin a murɗe masa komai. Royce ya shaƙe Ken Shamrock cikin ƙasa da minti ɗaya, ya shaƙe Gordeau a karawar ƙarshe. Duka ukun a haɗe kusan minti biyar ne.

Abin da daren ya nuna a fili shi ne mafi yawan masu ji da faɗa ba su san komai ba da zarar bayansu ya taɓa ƙasa. Amma labarin bai tsaya nan ba. 'Yan kokawar Amurka suka shigo, irin su Mark Coleman a 1996, suka ce mu ma mun iya kaye, in mun danne mutum sai mu yi ta sakar masa naushi daga sama. Aka ɗauka su ne ƙarshe. Sai a 1997 Maurice Smith, wanda asalinsa mai naushi da hauri ne amma ya koyi kare kansa a ƙasa, ya jure wa Coleman har ya gaji, ya tashi tsaye ya ci shi. A shekara ta 2000 kuma Kazushi Sakuraba na Japan ya yi minti 90 yana fafatawa da Royce Gracie har mutanen Royce suka jefa tawul. Cikin shekara bakwai kowane gida ya ɗanɗana kaye. Daga nan aka daina tambayar wane wasa ya fi, kowa ya koma makarantar abokin hamayyarsa yana koyon abin da ya rasa. A nan ne MMA ta zama wasa mai zaman kanta.

Maganar doka kuma, matsin lamba ne ya kawo ta. A 1996 Sanata John McCain ya kwatanta wasan da faɗan zakaru, ya rubuta wa gwamnonin jihohin Amurka yana neman a hana, jihohi da yawa suka hana, kamfanonin talabijin suka janye. Dole masu shiryawa suka gyara: ajin nauyi da tilasta safar hannu a 1997, turmi mai minti biyar-biyar a 1999, sannan hukumar wasanni ta jihar New Jersey ta jagoranci tsara dokokin bai-ɗaya a tsakanin 2000 da 2001. A farkon 2001 'yan'uwa biyu, Lorenzo da Frank Fertitta, tare da Dana White suka sayi UFC a kan dala miliyan 2. A 2016 aka sayar da ita kusan dala biliyan 4, a shekarar ce kuma New York, jiha ta ƙarshe, ta halatta wasan. Faransa sai a 2020. Mata sun fara karawa a UFC a 2013, inda Ronda Rousey, mai lambar tagulla a judo a Olimfik na 2008, ta buɗe fage. A lura, UFC kamfani ne, MMA ce wasan. Akwai wasu kamfanonin kamar ONE a Asiya da PFL.

Yadda ake yi yau: turmi uku ne, kowanne minti biyar, da hutun minti ɗaya a tsakani. In karawar kambu ce ko babbar karawar dare, turmi biyar. Safar hannun ƙarama ce, yatsu a buɗe don a iya kamu, ga robar kare haƙori da kariyar gaba. Maza a UFC suna da aji takwas, daga kilo 56.7 zuwa kilo 120. Alƙalai uku na zaune a gefe, wanda ya ci turmi a ba shi maki 10, ɗayan 9 ko ƙasa da haka. An hana karo da kai, cizo, tsokane ido, jan gashi, dukan gaba, dukan ƙeya da ƙashin baya, dukan maƙogwaro, murɗe yatsu, riƙe wayar keji, da haurin kai ko sa masa gwiwa alhali mutum yana ƙasa. Kejin da ke ba mutane tsoro ma don kariya aka yi shi. A dandalin boksin mai igiya, in ana turereniya mutum kan zurma ta tsakanin igiyoyi ya faɗo waje, waya kuwa tana tare shi.

Wanda zai kalli wasan da fahimta ya sani faɗan wuri uku yake faruwa. Akwai tsaye daga nesa, inda boksin da damben Tailan mai gwiwa da ƙwauri ke aiki. Akwai riƙo, ƙirji da ƙirji, galibi a jikin waya, inda kokawa da judo ke mulki. Sai ƙasa. Duk karawar da za ka gani, jayayya ce a kan a wane wuri cikin ukun nan za a yi ta. Mai naushi na son a tsaya, ɗan kokawa na son a sauka, wanda ya tilasta wa ɗayan zuwa inda ba ya so shi ne yawanci ke ci. In ka ga mutum biyu sun manne a jikin waya kamar ba sa komai, duba hannuwansu. Kowa na neman zura hannunsa ƙarƙashin hammatar ɗayan, kowa na neman sa kansa ƙarƙashin haɓar ɗayan. Wannan riƙo yana cin ƙarfi fiye da naushi.

Bari in nuna maka shaƙewa kusa-kusa, don ita ce ta fi tayar wa iyaye hankali. Mutum ya samu bayanka, ya saƙala ƙafafunsa a cinyoyinka, ya zagaya hannu a wuyanka har lanƙwasar gwiwar hannunsa ta daidaita da haɓarka. Ba maƙogwaro yake matsewa ba, jijiyoyin jini biyu na gefen wuya ne. Za ka ji fuskarka ta yi nauyi, kunnuwa su fara ƙara, gani ya fara tsukewa daga gefe. Cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka mutum kan suma. Amma tun kafin nan sai ka ɗan bubbuga jikinsa da tafin hannu sau biyu ko uku, nan take ya saki, ku tashi ku sake. A wurin atisaye mukan yi haka sau da yawa a yini, kowa ya koma gida lafiya. Abin da na fara koya wa duk sabon yaro ke nan tun ranar farko, kafin kowane kaye: yadda zai sallama, da wajabcin sakin wanda ya sallama. Yaron da ya ɗauki sallamawa abin kunya shi ne wanda ke karya hannu, wanda kuma ba ya saki in an bubbuga masa, ba na barinsa ya sake taka min tabarma.

Haɗarin gaske yana wasu wurare biyu. Na farko dukan kai. Jinin da kake gani yawanci tsagewar fata ce a gira, ana ɗinkewa ta warke. Wanda ba a gani shi ne girgizar ƙwaƙwalwa, kuma tana taruwa shekara da shekaru, a boksin da dambe da MMA duka. Duk kocin da ke sa yara su yi ta dukan kan juna da ƙarfi a atisaye yana cin amanarsu. Na biyu rage nauyi. Ana awo kwana ɗaya kafin karawa, sai 'yan wasa su ƙaurace wa ruwa su matse gumi don su faɗa ƙaramin aji. A Disambar 2015 wani matashi ɗan ƙasar Sin, Yang Jian Bing, mai shekara 21, ya rasu yana wannan ƙoƙari, abin da ya sa kamfanin ONE ya sauya tsarin awonsa. A zafin ƙasarmu wannan ganganci ne da rai. Akwai kuma ɓangaren addini, domin hadisi ya inganta a kan hana dukan fuska, kuma malamai sun yi magana a kan irin waɗannan wasanni. Wannan ku zauna da malaminku, ku bambance masa tsakanin koyon kokawa da kare kai da kuma shiga karawar kuɗi.

Yanzu ga ƙanenka. Dambe ya ba shi abin da ba a saya a kasuwa: ya san nisan da hannu ke kaiwa, ya san ɗanɗanon naushi, ya tsaya gaban taro ana kiɗa ana kirari bai gudu ba. Amma ka duba inda wasanninmu biyu suke ƙarewa. A dambe, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, an gama. A kokawa ma kaye shi ne ƙarshe. Wato daidai inda namu ke tsayawa, nan kashi na uku na MMA yake farawa, kuma ƙanenka bai taɓa kwana ko ɗaya a can ba. Ga tsayuwar dambe kanta: a karkace, ƙafa a buɗe, garkuwa a miƙe gaba, mashi ɗaya a baya. Ƙafar gaban nan a sake take, mai hauri zai yi ta saran cinyar da ƙwauri har ta ƙi ɗaukarsa, ɗan kokawa kuma zai sunkuya ya sure ta. Hannun garkuwa bai saba naushi ba, alhali a keji hannu biyu ake bukata. Abin da ya samu James Toney, zakaran boksin na duniya, a 2010 ke nan: Randy Couture ya kama ƙafarsa ya kayar da shi ya shaƙe shi tun a turmin farko.

Shi ya sa nake ganin ɗan kokawa ya fi ɗan dambe gajeriyar hanya. Kamaru Usman, haifaffen Auchi a jihar Edo, da kokawar makaranta ya tashi a Amurka kafin ya karɓe kambun kilo 77 daga Tyron Woodley a Maris na 2019. Khabib Nurmagomedov na Dagestan ya yi karawa 29 ba a taɓa cin sa ba, kusan duk da kaye da danniya. Oumar Kane na Senegal, wanda aka fi sani da Reug Reug, daga kokawar gargajiyar ƙasarsu ya fito ya ɗauki kambun masu nauyi na ONE a Nuwambar 2024. Duk wanda ya taɓa kallon gasar kokawar takobi a Nijar ya san akwai ƙugu da ƙafa irin wannan a wajenmu. Masu duka ma suna kaiwa, amma sai sun biya kuɗin makaranta. Israel Adesanya, haifaffen Legas, gwanin naushi da hauri ne, bai zama zakara a 2019 ba sai da ya ƙware wajen hana a kayar da shi. Francis Ngannou, wanda ya taso yana haƙar yashi a Batié ta ƙasar Kamaru, ya ratsa ta Najeriya da Nijar da Aljeriya har Maroko kafin ya kai Faransa, yana da hannun da babu kamarsa, amma a 2018 Stipe Miocic ya yi ta kayar da shi har turmi biyar. Ya koma ya koyi kokawa, a Maris na 2021 ya tare kayen Miocic ya buge shi a turmi na biyu.

In yaron da gaske yake, kada ka hana shi kai tsaye, ka sa masa sharaɗi. Ya nemi inda ake koyar da judo ko kokawa a filin wasa na jiharku, ya yi shekara guda cur a kan tabarma kafin ya yi maganar keji. Ya koyi faɗuwa ba tare da ya dafa ƙasa da miƙaƙƙen hannu ba, ya koyi jefa ƙafafunsa baya ya sauke ƙugu in an kawo masa sura, ya koyi tashi in an danne shi, ya kuma horar da hannun garkuwarsa ya zama mai naushi. Ka je da kanka ka ga kocin, ka tsaya ka kalli atisaye ɗaya daga farko har ƙarshe. Duk wanda ya ce zai haɗa masa karawa cikin wata biyu, ko karawar da babu likita a gefe, babu awon nauyi, babu gwajin jini, ka riƙe hannun ƙanenka ku fito.